An hana sanarwarmu ta sa yara makaranta: wa ke da ikon hanawa, kuma me za mu yarda a yanke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin kula da makarantar firamare a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Wata ƙungiya ta tallafa mana muka haɗa sanarwar rediyo ta minti ɗaya da fosta, muna kira a kai kowane yaro makaranta. A ciki akwai yaro makaho, da yarinya daga rugar Fulani, da yarinyar da aka sauke wa farantin talla, da ɗan wani Kirista mai shagon magani a garinmu. Gidan rediyo ya ce ba zai sa ba sai mun cire yaron Kiristan da waƙar da mace ta rera. Fostar da muka liƙa a kasuwar Gujungu ita ma an sa mun ɓalle, wai tambari mai launuka da ke ƙasanta tutar 'yan luwaɗi ce. Doka ce ta ba su wannan iko? Mu yanke ko mu haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah Ya saka muku da alheri a kan wannan ɗawainiya. Na daɗe a sashen talla na gidan rediyo, daga baya na koma haɗa wa hukumomi da ƙungiyoyi sanarwar lafiya da ilimi, don haka abin da ya same ku ba baƙo ba ne a wurina. Bari in ba ka amsar a gajarce kafin in warware ta: waƙar za ku iya canzawa, tambarin za ku iya ƙanƙantawa ko ku cire, amma yaron kada ku cire shi, sai fa in mahaifinsa ne da kansa ya ce a cire. Kuma a duk abin da ka zayyana ban ga inda doka ta hana ku ba. Tsoro na gani.

Hukumar da doka ta ɗora wa tantance talla a Najeriya ita ce ARCON. Ta gaji APCON, wadda aka kafa a 1988, bayan Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a 2022. Tana da kwamitin da ake kai wa talla ya duba kafin a fitar da ita, kuma ikonta ba na wasa ba ne. Ita ce ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasar waje a tallace-tallacen Najeriya daga 1 ga Oktoba 2022. A Agustan 2023 ma, da aka kafa manyan alluna a Abuja masu cewa ido na kan alƙalai lokacin shari'ar zaɓen shugaban ƙasa, an ba da umarnin a sauke su, aka kuma rushe kwamitin tantancewar da ya bari suka fita. Amma lura, ARCON ba ta ga sanarwarku ba, ba ta kuma ce komai a kanta ba. Da a ce gidan rediyon ya ce ku kawo takardar shaidar tantancewa, da sai mu ce ƙa'ida yake bi. Bai ce haka ba. Cewa ya yi ku cire yaro.

Ta biyu ita ce NBC, hukumar da ke ba gidajen rediyo da talabijin lasisi tun 1992. A ƙa'idarta, duk abin da ya fita ta iska, na gidan ne ko na wanda ya biya kuɗi ne, gidan ake kamawa. Nan ne gindin tsoron manaja. Duk wanda ya yi aikin rediyo a Kano yana tuna Fabrairun 2013, lokacin da 'yan bindiga suka kashe aƙalla mutum tara masu aikin rigakafin shan inna, aka kama ma'aikatan wani gidan rediyo mai zaman kansa bisa zargin shirinsu ne ya tunzura jama'a, aka kuma dakatar da tashar. Gaskiya ne a Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce NBC ba kotu ba ce balle ta ci tara, a shari'ar da ta taso daga tarar naira 500,000 da aka ɗora wa tashoshi 45 a 2019. Sai dai wannan hukunci bai sa wani manaja ya yi barci da minshari ba, domin lasisinsa har yanzu a hannun hukumar yake.

Bari in nuna maka yadda ake yi a ciki, don ka san ƙofar da za ka buga. Kai ka kawo sanarwarka a filashi ko ta WhatsApp, ka ba jami'in talla. Shi kuɗinka yake so, da ta shi ce da tuni an sa. Sai ya kai wa shugaban sashen shirye-shirye. Wannan zai sa abin sauraro a kunne, biro a hannu, ya saurara sau biyu. Ba ya tambayar kansa ko maganar gaskiya ce. Abin da yake lissafawa shi ne wa zai bugo waya gobe da safe. Ya ji an ce "ni sunana Bitrus", sai biron ya tsaya. A ransa ya riga ya hango wani mai wa'azi ya yanko wannan daƙiƙa biyar ya baza a Facebook, ya hango mai gidan rediyon ya kira shi daga Abuja, ya hango ɗan kasuwar da ke ɗaukar nauyin tafsirin azumi ya janye. Sanarwarku ta ƙauye ba ta kai ko ƙurar waccan kwangila ba. Sai ya maido wa jami'in talla da cewa "a ɗan gyara nan". Babu takarda, babu sa hannu, babu wanda ya kawo ƙara tukuna. Mafi yawan abin da ake yankewa a rediyonmu haka ake yanke shi, tun kafin wani ya yi fushi.

Gidan rediyo mai zaman kansa yana da damar ƙin karɓar talla, wannan kam sai haƙuri. Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin bakinka, bai tilasta wa wani ya ara maka makirfo ba. Gidan gwamnati kuwa lissafinsa daban ne, zan zo kansa.

Batun fosta a kasuwa ya fi sauƙi a takarda, ya fi wuya a ƙasa. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa kula da allunan talla na waje cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ke nan a doka, sakatariya ce ke da ta cewa, ba sarkin kasuwa ba, ba dagaci ba. Amma ni da kai mun san wanda ya ce a ɓalle aka ɓalle, ko da babu ko layi ɗaya na doka a bayansa. Haka abin yake har a birni. A Nuwamban 2020 Hisbar Kano ta rubuta wa wani gidan rediyo ta nemi ya daina kiran garaɓasar ƙarshen shekara da sunan "baƙar Juma'a", a 2021 kuma ta hana teloli da masu shaguna kafa mutum-mutumi don nuna kaya. Lauyoyi sun yi ta jayayya kan ko tana da hurumin yin hakan, amma masu shago da yawa ba su jira ƙarshen jayayyar ba. Ita kuwa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Kano, da aka kafa a 2001, ikonta a iyakar jihar ya tsaya, ba ya tsallakowa Jigawa. Sai dai in a sitidiyon Kano kuka naɗi waƙar, to mai sitidiyon yana ƙarƙashinta, kuma da wannan tunani yake aiki.

Yanzu tambarin. Daga yadda ka kwatanta, zoben nan ne mai launuka 17 na muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda Najeriya ke ciki, kuma na huɗunsu ilimi ne. Za ka gan shi a jikin azuzuwa da asibitocin da gwamnati da kanta ta gina. Tutar da ake nufi layuka ne kwance, galibi shida, ba zobe ba. Wanda ya ce a cire ya yi kuskure. Amma kada ku yi masa dariya, kada kuma ku kira shi jahili a gaban mutane, domin zargin nasa yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, yara 11 daga cikin kusan 200 da aka yi gwajin da su suka rasu. Shekara bakwai bayan nan aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar, ba a dawo ba sai Yulin 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Ƙari a kan haka, tun Janairun 2014 akwai dokar da ta haramta auren jinsi, da ɗaurin shekara 14 ga masu auren, 10 ga masu kafa ƙungiya ko tallafa mata, don haka kowa yana gudun a shafa masa. A Yulin 2024 kuma aka yi ƙurar yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya da wasu ƙasashe suka ƙulla da Tarayyar Turai, da wata jarida ta ce an cusa batun jinsi a ciki. Gwamnati ta musanta, hukumar sauraron koke-koke ta 'yan jarida ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta ba da haƙuri. Haƙurin bai kai ƙauye ba, ƙurar ce ta kai. Tun daga nan duk takardar da ta zo da launuka da sunan ƙungiya sai an yi mata kallon biyu, ko da a kan yaro makaho take magana.

Shi ya sa na ce tambari ba abin da za a mutu a kansa ba ne. Ku gaya wa ƙungiyar da ta ba da kuɗin cewa a wannan kasuwa zoben yana kashe saƙon. A buga shi baƙi da fari a kusurwa, ko a sa sunan kwamitinku da na hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a sama. Amma kada ku ɓoye wanda ya ba da kuɗi in an tambaye ku. Ranar da aka gano kun ɓoye, kun tabbatar wa mai zargi zarginsa.

Ina so ka ɗan leƙa waje, don ka ga wannan abu ba namu ne mu kaɗai ba, kuma wanda ake cirewa daga hoto yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A Indiya, a Oktoban 2020, kamfanin kayan ado na Tanishq ya fitar da talla mai nuna gidan Musulmi suna shirya wa surukarsu 'yar Hindu bikin goyon ciki irin na al'adarta. Masu tsattsauran ra'ayin Hindu suka yi ca, kamfanin ya janye tallar yana cewa yana jin tsoron abin da zai sami ma'aikatansa. A Faransa, a Fabrairun 2019, kamfanin Decathlon ya fasa sayar da hijabin 'yan wasan tsere bayan zagi da barazana. A Nuwamban 2021 kuma ƙungiyar ƙasashen Turai mai kula da haƙƙin ɗan Adam ta janye wasu hotuna da ke kira a mutunta mata masu hijabi, bayan gwamnatin Faransa ta nuna fushinta. A can, 'yarmu mai lulluɓi ita ce ake cewa "a ɗan gyara nan". Babu Musulmin da ya ji waɗannan labarai bai ji ciwo ba, kuma hujjar da aka bayar can ita ce dai wadda aka ba ku: mutane ba za su so ba. A Amurka ma, cikin Janairun 2025 Donald Trump ya sa hannu a umarnin rufe shirye-shiryen gwamnati na damawa da kowa, manyan kamfanoni da dama suka bi sahu suka ja baya ba tare da an tilasta musu ba. Ingila ita kuma ta wata fuskar ta ɓullo: a 2019 hukumar tallarta ta hana wata tallar Volkswagen saboda ta nuna maza na manyan ayyuka, mace kuma tana zaune gefen keken jariri. Almakashi ɗaya ne, hannun da ke riƙe da shi ne ke bambanta.

Ni ma'aunin da nake amfani da shi in an ce in yanke shi ne wannan: gyaran da ake nema, salon saƙon zai taɓa ko mutum zai fitar? Waƙar mace salo ce. Akwai malamai da magidanta da dama da ba sa son jin muryar mace da kiɗa, kuma su ne iyayen da kuke son su saki yaransu. In kun maye gurbinta da muryoyin yara suna rerawa tare babu kiɗa, irin yadda 'yan Islamiyya ke yi, babu abin da ya ragu daga abin da kuke son faɗa. Wataƙila ma ta fi shiga. Abu ɗaya zan ja kunnenku a kai: kada cire waƙar ya zama cire mata gaba ɗaya. Yarinyar ruga da mai farantin talla su yi magana da bakinsu, kada a sa namiji ya faɗi abin da suke so.

Cire yaron kuwa wani abu ne daban. Sanarwarku cewa take yi kowane yaro. In kun goge ɗaya saboda addinin gidansu, kun fitar da wata sanarwa ce dabam mai cewa kowane yaro ban da wancan, kuma duk garin zai sani, tunda an ga fostar farko. Malaman makarantarku za su sani, yaran ajinsu za su sani, shi ma zai sani. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu kyauta ga kowane yaro, ba ta ware kowa ba. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana gwamnati da jami'anta nuna bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini. Makarantarku ta gwamnati ce, yaron ɗalibinta ne. A ƙasar Kano da Jigawa kuma Kirista a ƙauye ba sabon abu ba ne, akwai Hausawa Kiristoci a wajen Sumaila da Rogo da Tudun Wada da kakanninsu nan aka binne su.

Sai dai kafin ku tsaya kai da fata, ku je ku zauna da mahaifin yaron, ku gaya masa duk abin da ya faru ba tare da rufa-rufa ba. Shi ne zai kwana a garin, shi ne mai shago a bakin titi. In ya ce Malam ku rufa mini asiri ku cire ɗana, to wannan haƙƙinsa ne, ba takunkumi ba ne. Sai ku nemi wata hanya, misali muryar shugaban makaranta yana cewa ɗan Musulmi da ɗan Kirista duk a kawo su.

A nan ne ma zan ɗan goyi bayan masu tantancewa, domin ba duk gyara ne zalunci ba. Na sha ganin fostocin da ya kamata a hana. An ɗauki hoton yaro gurgu yana rarrafe cikin ƙura, ƙuda a fuska, an rubuta "ku taimaka" a ƙasa, iyayensa ba su san an buga ba sai da maƙwabci ya gani a tasha. Wannan ba damawa da shi ba ne, bara ce aka yi da shi. Ku duba taku da wannan ido. Yaron makahon nan, a zaune yake cikin 'yan uwansa yana karatu, ko an ware shi gefe don a ji tausayi? Iyayen yaran huɗu duk sun amince, sun sa hannu ko sun dangwala? Kun saurarar da sarkin makafi ko shugabannin ƙungiyar masu buƙata ta musamman na yankinku, kun ji ko lafazin ya yi musu? Kun kai wa arɗo? Yarinyar ruga in an sa mata Hausa mai gargada don a yi dariya, Fulani za su kashe rediyon. A bar ta ta faɗi jimla ɗaya da Fulatanci.

Sannan tambayar da ta fi duka nauyi: in uban makaho ya ji sanarwar ya kawo ɗansa ranar Litinin, me zai tarar? Dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su tanadi malamin da ya san aikin. Amma in makarantarku ba ta da mai koyar da rubutun makafi, ku faɗi gaskiya a sanarwar: a kawo shi a yi masa rajista, kwamiti zai haɗa iyaye da makarantar da ta dace, irin ta Tudun Maliki a Kano ko wadda hukumar ilimi ta jiha za ta nuna. Haka yaran ruga, akwai hukumar ilimin makiyaya tun 1989, ku binciki ko akwai makarantarta kusa da mashekarinsu. Sanarwar da ta yi alkawarin abin da babu, ita ke jawo wa ta gaba ƙin amincewa.

To me za ku yi daga gobe? Ku koma gidan rediyon, amma ba wurin jami'in talla ba. Ku nemi ganin shugaban shirye-shirye, ku tafi da sabon naɗi da babu waƙar, da wasiƙar sakataren ilimi na ƙaramar hukuma mai cewa sanarwar da saninsa aka yi. Abin da mutumin nan yake nema shi ne wanda zai jingina da shi in waya ta yi ƙara. In har ya ƙi, ku roƙe shi cikin ladabi ya rubuta muku dalili da sashen ƙa'idar NBC da kuka saɓa. Sau da yawa a nan maganar ke sauyawa, domin babu mai son sa hannu a ƙarƙashin "a cire Kirista". In bai sauya ba, ku nufi gidan rediyon gwamnati ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Gidan da ake biyan albashinsa da kuɗin jama'a zai sha wuyar bayyana dalilin ƙin sanarwar da ke faɗin manufar gwamnati, a jihar da a 2007, zamanin Sule Lamido, ta fara biyan nakasassu alawus na naira 7,000 a wata.

Ni da kuɗin nan a hannuna yake, ba zan zuba shi duka a minti ɗaya-ɗaya ba. Zan sayi fili na rabin awa, in zaunar da limamin Juma'a da arɗo da shugaban makaranta da wata uwa daga kwamiti, a buɗe layi. Liman ba ya buƙatar ku rubuta masa komai. Ya san Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya zama ladani, aka kuma riƙa bar masa riƙon Madina. Ya san Nana Asma'u da 'yan taru da suka bi ƙauyuka suna karantar da mata. Ya san haƙƙin maƙwabci ko ba Musulmi ba ne. Abin da aka ƙi ji daga bakin fosta, za a saurara daga bakinsa.

Fostar kuma kada ku sake liƙa ta da safe mutane su wayi gari su gan ta. Ku ɗauki guda ku kai wa dagaci, ku bar shi ya kai wa hakimi, ku nuna musu zoben a jikin wani ginin gwamnati da suka sani. Ku nemi iznin sakatariya a rubuce. Sannan ku sa mai shela ya zaga ranar Lahadi, ranar da Gujungu ke ci, ya faɗi cewa da yardar dagaci aka liƙa. Naɗin muryar ma ku tura shi wayoyin matasa da majalisu, ku ba masu cajin waya su riƙa zuba wa mutane a memori.

Kotu kuwa ban ba ku shawarar ta ba a wannan mataki. Kuɗin lauya zai ninka kuɗin sanarwar, kuma kafin a yanke hukunci an gama rajistar 'yan aji ɗaya. In gidan rediyon ya riga ya karɓi kuɗinku kafin ya ƙi sawa, ku je da rasit ku karɓi abinku cif, kada ku yarda a ce za a riƙe muku shi zuwa wata talla.